Mai riwaya a Agege da ya gyara mini fitilun Honda masu ɗagawa

Motata Honda Accord ce ƙirar 1988, irin wadda fitilunta na gaba suke kwance a cikin jikin mota, sai an kunna su sannan su ɗago kai, wadda yaran layinmu a Agege suke kira mai ƙifta ido. Marigayi mahaifina ne ya saye ta a hannun masu shigo da motoci daga Amurka, kuma tun da ta dawo hannuna ban taɓa samun matsala da fitilun ba sai a daminar bara, lokacin da ta hagu ta fara gardama. Wata rana ta ɗago daidai, wata rana ta tsaya a rabin hanya tana haska kwalta a gaban taya, wata rana kuma ta ƙi motsi gaba ɗaya sai na fita na buga murfinta da tafin hannu. Wanda ya taɓa bin Gadar Third Mainland bayan isha'i da ido ɗaya a rufe, ga ruwa yana sauka, ga danfo suna wucewa ta kowane ɓangare, ya san cewa wannan ba matsalar kwalliya ba ce.

Abin da ya sa nake rubuta wannan sharhi shi ne mutumin da ya gyara ta daga ƙarshe, wani mai riwaya Bakano da ake kira Malam, wanda ke da rumfa a wani lungu tsakanin Oko-Oba da gadar Pen Cinema. Na kai masa motar sau uku a cikin mako biyu, na zauna na ga aikinsa da idona, kuma ina ganin masu irin waɗannan tsofaffin motoci a Legas, ko Accord ce ko Prelude ko Celica ko Mazda 323F, za su amfana da sanin abin da za su tarar a wurinsa, mai daɗi da marar daɗi.

Kafin in kai gare shi na fara zuwa wurin wani mai riwaya daban da ke kusa da wurin aikina, kuma dole in faɗi abin da ya faru a can, domin rabin aikin da aka yi daga baya gyaran ɓarnarsa ne. Ya buɗe bonet, ya ga fis ɗin ya ƙone, ya sa sabo, ya ƙone nan take, sai ya naɗe zaren wayar tagulla a ƙafafun tsohon ya mayar, fitilar ta ɗago, ya karɓi kuɗinsa. Bayan kwana huɗu na fara jin warin roba tana ƙonewa, batir kuma ya riƙa kwana babu wuta. Da na koma sai ya yanke hukunci cewa moton da ke ɗaga fitilar ya mutu, ya ba ni zaɓi biyu, ko in nemo wani na Beljiyam, ko ya cire wayoyin ya ɗaure fitilun a tsaye har abada. Ya ce haka kowa yake yi. Ban musa masa ba, domin na sha ganin irin motata a hanyar Oshodi da idanu a buɗe dare da rana, an tokare su da katako ko an yi musu walda. Na shiga kasuwar Ladipo da ke Mushin, na yini ina bin layi layi, na samu moton a shago biyu kacal, kuma babu wanda zai iya tabbatar mini da cewa ya fi nawa lafiya, tun da dukansu sun haura shekara talatin da ƙerawa. Wani direban tirela da muke sallar asuba tare ne ya ce in dakata da saye, in fara kai wa Malam ya gani.

Abu na farko da ya bambanta shi da na baya shi ne bai taɓa sifana ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Yaushe abin ya fara, shin kafin ruwan sama ne ko bayansa, shin idan fitilar ta ƙi ɗagowa ina jin ƙarar moto yana juyawa ko shiru nake ji, shin kwan yana kamawa ko da murfin yana kwance, kuma shin an taɓa bugun motar ta gaba. Wannan ta ƙarshen na kusa cewa a'a, sai na tuna wata danfo da ta goge ni a gosulon Ikeja Along watanni uku kafin nan, bugun da ko fenti bai ɗaye sosai ba, har ban ga dalilin kai ta wurin fanel bita ba. Ya gyaɗa kai kawai, ya ce wa yaronsa ya kawo mita.

Yana da kyau in ɗan bayyana yadda na'urar take aiki kamar yadda ya nuna mini, domin sai da haka mai karatu zai ga hikimar tsarin da ya bi. A bayan kowace fitila akwai ƙaramin injin lantarki, wanda masu gyara suke kira moto, kuma ɗan'uwan moton waifa ne ta fuskar ƙira. A irin na motocin Japan yana juyawa ne ta hanya ɗaya kawai. Yana tura wani haƙori da ke juya ƙaramin hannu na ƙarfe, hannun kuma yana haɗe da sandar da ke ɗaga kwandon fitilar, ta yadda rabin zagaye zai ɗaga ta, ɗaya rabin kuma ya kwantar da ita. Abin da ke gaya wa moton inda zai tsaya shi ne wani faifan tagulla da ke cikin akwatin haƙorin, wanda wasu siraran yatsun ƙarfe suke gogawa, idan suka iso wurin da tagullar ta yanke sai wuta ta ɗauke, moton ya tsaya cak. Tsakanin makunnin da ke hannun direba da moton akwai fis da rile, wato ƙaramin makunnin da lantarki yake kunnawa ya saki wuta zuwa moton, akwai kuma wayar atin da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, wadda ta nan wutar take komawa batir. Ko'ina a wannan layi aka samu cikas, alamar da direba zai gani kusan ɗaya ce, wato fitila ta ƙi ɗagowa, shi ya sa mai gaggawa yake ɗora wa moton laifi.

Malam ya fara ne da batir, ya auna ya samu volt 12.4 mota tana kashe, ya ce a tayar ya samu 14.1, sai ya ce to altaneta ba ta da laifi, mu wuce. Da ya buɗe akwatin fis ya ga zaren tagullar da aka naɗe, sai ya zare shi da filaya ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce, "Alhaji, fis mai gadi ne. Idan mai gadi ya yi ihu, ɓarawo ake nema, ba a toshe masa baki." Robar da ke kewaye da mazaunin fis ɗin ta narke ta yi baƙi, kuma a cewarsa da na ƙara mako ɗaya a haka, wayarin gaban motar ne gaba ɗaya zai kama.

Daga nan ya yi abin da na ɗauka shi ne zuciyar aikin, wato ya raba matsalar lantarki da matsalar ƙarfe. Ya cire fis ɗin da ke ba moton wuta, ya kuma cire kan batir, sannan ya ɓalle sandar da ke haɗa moton da kwandon fitilar, ya ce in ɗaga kwandon da hannuna. Na dama ya tashi da yatsa biyu. Na hagu sai da na sa ƙarfi, kuma daidai rabin hanya na ji yana cijewa. Ya haska tocila a gefen murfin, sai ga wani layi mai sheƙi, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba, inda fentin ya goge har ƙarfe ya fito. Bugun danfon nan ya ture gefen motar ciki da abin da bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba, murfin ya riƙa gogar jiki, moton ya riƙa kokawa da shi kullum. Moton da yake kokawa yana jan wuta fiye da ƙa'ida, wutar da ta wuce ƙa'ida ita ce take ƙone fis, kuma da aka maye fis da tagulla sai zafin ya koma kan rile da soket. Tun daga nan na gane cewa da na sayi moton Ladipo, da shi ma makomarsa ke nan.

Akwai gargaɗin da ya yi mini a wannan gaɓa wanda nake so kowane mai irin motar ya riƙe. A saman kowane moto akwai ɗan maɗauri a ƙarƙashin hular roba, wanda ake murɗawa da hannu a ɗaga fitilar idan lantarki ya ƙi. Layin moton yana da wuta ko da an zare makulli, saboda haka idan mutum ya murɗa maɗaurin ba tare da ya cire fis ba, yatsun nan na ciki suna iya hawa kan tagulla, moton ya tashi da kansa, kwandon ya datse hannu. Ya nuna mini tabo a babban yatsansa na dama, ya ce tun yana yaron gareji a Kano wata Prelude ta yi masa shi. Ni kuwa na yi wata biyu ina cusa hannu a wurin da daddare ba tare da na cire komai ba.

Gwajin rile bai ɗauke shi minti biyar ba. Ya musanya na hagu da na dama, matsalar ta bi rilen zuwa dama, ya ɓalle murfinsa ya nuna mini bakin da ya ƙone ya yi ƙuraje. Wani lokaci bakin yana mannewa ya ƙi saki, kuma wannan ne ya sa batir yake zubewa cikin dare.

Gwajin wayar atin ne ya fi burge ni, domin a ido wayar lafiyarta ƙalau, notin a ɗaure tamau. Mai riwaya na gama-gari zai taɓa ta da tasta, ya ga ta kawo haske, ya wuce. Shi kuwa ya ɗora ƙafar mita ɗaya a kan batir ta ɓangaren da ba wuta, ɗayar a jikin moton, ya ce wa yaron ya kunna fitila, domin a auna a daidai lokacin da moton yake aiki. A dama mitar ta nuna abin da bai kai volt 0.2 ba, a hagu kuwa ta haura volt ɗaya da rabi. Ma'anar wannan ita ce wani kaso na ƙarfin batir yana ɓacewa a hanyar komawa, bai isa ga moton ba. Da ya kwance notin sai ga tsatsa ja da wani kore-kore a ƙarƙashin kan wayar. Ya ce wannan ciwon Legas ne, domin iskar teku mai gishiri da laimar da ba ta ƙarewa da ruwan da ke kwanciya a titi a watannin Yuni da Yuli suna cin duk mahaɗin da ke ƙasa-ƙasa a gaban mota, alhali a Kano ƙura da zafi ne suke busar da giris su fasa robar waya. Ya goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ya sa sabon kan waya da dalma, ya ɗaure, ya shafe da giris domin kada ruwa ya sake shiga.

Sai a rana ta biyu ya buɗe moton kansa, a kan wani tsohon tire na shayi da ya shimfiɗa wa farin ƙyalle domin kada ƙananan sukurori su ɓace. Giris ɗin da kamfani ya sa tun 1988 ya daskare ya zama kamar busasshen ƙuli-ƙuli, wani ya malale kan faifan tagullar ya rufe shi. Ya wanke da fetur da tsohon buroshin haƙori, ya goge faifan a hankali, ya ɗan lanƙwasa yatsun domin su ƙara matsewa, ya duba kabon, wato gawayin da ke cikin moton, ya ce bai ƙare ba, ya duba haƙorin ya ce ko ɗaya bai karye ba. Ya haɗa, ya ba shi wuta kai tsaye daga wani batir da ke gefe, moton ya juya sumul ba ko tari. Ya kalle ni ya ce, "Ga mamacin naka nan, Alhaji." Kafin ya rufe sai ya bi wayoyin da ke shiga kwan fitilar yana lanƙwasa su da yatsa, domin su ne suke naɗewa suna miƙewa duk lokacin da fitila ta tashi ko ta kwanta, ya samu ɗaya da ta fara karyewa a cikin robarta, ya yanke wurin ya sa sabuwa mai laushi.

A zaman jiran ne muka taɓa hirar asalin waɗannan fitilu, kuma na tarar ya san motocin fiye da yadda na zata. Motar farko da aka sayar da ɓoyayyun fitilu ita ce Cord 810 ta Amurka a 1936, ita kuwa da hannu ake murɗa su. Abin da ya yawaita su daga baya doka ce, domin tun 1940 Amurka ta wajabta fitila ta kwalba ɗaya rufaffiya mai ƙayyadadden girma, irin wadda idan ta mutu sai a sauya ta gaba ɗaya, ga kuma ƙa'idar tsayin da fitila za ta kasance daga ƙasa. Kamfanin da yake son gaban motarsa ya kwanta ya tsaga iska ba shi da mafita sai ya ɓoye fitilar ta riƙa ɗagowa. Da aka sassauta dokar a 1983, sannan ƙa'idojin kare masu tafiya a ƙafa suka tsananta a Turai, sai salon ya riƙa ja da baya, har Corvette da Lotus Esprit suka rufe babin a 2004. Accord mai irin wannan ido ta 1986 zuwa 1989 ce kawai, wadda ta biyo ta a 1990 fitilunta a fili suke. Wannan ne dalilin da ya sa yawancin matasan masu riwaya na yau ba su taɓa buɗe irin moton ba, kuma ban ga laifinsu a kan rashin sani ba, laifin yana wurin yanke waya kafin a auna.

Yanzu ga inda wurin ya gaza, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne ga wanda lokacinsa yake da tsada. Malam ba ya cika alƙawarin lokaci. Ya ce in zo ƙarfe tara na safiyar Talata, bai iso ba sai sha ɗaya da rabi, kuma wayarsa tana aljihu tana ƙara ba ya ɗauka idan hannunsa yana cikin aiki, wanda ke nufin kusan kullum. Aikin da a ƙiyasina bai wuce na awa biyar ba ya ci kwana uku, domin yana barin motarka ya je ya duba wata Keke ko wata bas da aka turo, ya dawo ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Rumfar ba ta da wurin zama sai benci ɗaya a rana, lungun kuma idan aka yi ruwa sai an nannaɗe wando. Ba ya ba da rasit, ba ya rubuta abin da ya yi, saboda haka ni ne na riƙa rubutawa a wayata. Yaronsa ya bar mini shatin yatsu na baƙin giris a kujerar direba, da na nuna sai aka ba ni haƙuri da tsumma.

Babban abin da ban ji daɗinsa ba shi ne saitin haske. Bayan fanel bita na maƙwabtansa ya ja gefen motar ya dawo daidai, an mayar da kwandon, amma ba a saita inda hasken yake faɗawa ba. Daren farko a hanyar Abeokuta duk motar da ta tunkaro ni sai ta yi mini filashin, domin idon hagu sama yake kallo. Na koma washegari, ya amsa cewa mantuwa ce, ya sa na jira har magariba, muka fuskantar da motar ga bangon wani shago, ya murɗa sukurorin saiti har hasken biyu suka yi layi ɗaya. Bai karɓi ko kwabo a kan wannan ba, amma abu ne da ya kamata a yi tun farko, musamman a jihar da sai an kai mota cibiyar gwaji an duba fitilunta kafin a sabunta takardar lafiyarta.

Ta fuskar kuɗi ba shi da araha, kuma ba ya son ciniki. Ya karɓi naira 25,000 kuɗin hannu, rile da mazaunin fis da waya suka ci 9,000, fanel bita ya karɓi 6,000, jimilla 40,000. Moto ɗaya na Beljiyam da na taya ya fi haka kafin a zo ga kuɗin ɗaurawa. Abin da na yaba shi ne duk abin da ya cire ya zuba mini a leda, ƙonannen rilen da narkakken mazaunin fis da guntun wayar, kuma kayan da za a saya ya ce in je da yaronsa in biya da hannuna idan ina so.

Wanda motarsa ta zamani ce mai kwamfuta, wadda sai an jona na'ura a karanta laifinta, ba nan ne wurinsa ba, Malam da kansa yana faɗin haka ya tura mutum Ikeja. Wanda yake son a gama masa a tsaye ya wuce, shi ma zai fita da ɓacin rai. Amma mai tsohuwar mota da aka ce masa moton fitila ya mutu, ina ba shi shawara kada ya sayi komai kuma kada ya yarda a yanke ko waya ɗaya sai an yi abubuwan nan a gabansa, a ɓalle sanda a ɗaga kwandon da hannu, a musanya rile, a auna atin moton yana aiki, sannan a buɗe faifan. Ya ware kwana biyu, ya tafi da lema da ruwan sha, ya kuma tuna wa Malam saitin haske kafin ya bar lungun.

Wata bakwai ke nan da gyaran, an shiga wata daminar, kuma fis ɗin da ya sa bai ƙone ba. Ya umarce ni in riƙa ɗiga mai a gaɓoɓin sandar duk lokacin da na yi juyen baƙin mai, in kuma daina bari masu wankin mota su harba ruwan famfo kai tsaye a bayan fitilun, ina kuma kiyayewa. Idon hagu yanzu yana riga na dama tashi da ɗan ƙiftawa, domin na daman har yau da giris ɗinsa na 1988 yake aiki, kuma Malam ya ce in kawo shi a wanke bayan Sallah, ranar da ba ni da wurin zuwa.